Muryar Tsufa da Ɗakin Ɗaukar Sauti: Neman Kundin Ƙarshe na Alhaji Mamman Shata Katsina

Tsakure

Takardar nan ta dubi zangon ƙarshe na rayuwar waƙar Alhaji Dokta Mamman Shata Katsina, daga 1987 zuwa rasuwarsa a 1999. An aza wannan zango kusa da wata al'ada da ta kafu a kiɗan karkarar Amurka, wanda aka fi sani da kantiri, inda akan koma da tsohon mawaƙi situdiyo a ɗauki muryarsa yadda shekaru suka bar ta, a fitar da kundi na musamman. Kasuwar waƙar Hausa ba ta shirya wa Shata kundi da wannan niyya ba. Takardar ta bi dalilan hakan, ta kuma kafa hujjar cewa kayan da za a haɗa kundin da su suna nan a warwatse cikin ɗaukar gidajen rediyo da talabijin da kaset-kaset na hannun jama'a. Daga nan ta kawo hanyoyin da manazarci zai bi ya gane lokacin da aka ɗauki waƙar da ba ta da kwanan wata.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya je wurin masu tura waƙoƙi a waya a nan birnin Katsina, ko a bakin kasuwa ko a tashar mota, ya ce a zuba masa Shata, za a cika masa memori cikin 'yan mintoci. Zai sami waƙoƙin da sunan wanda aka yi wa, ko da sunan gari, wani lokaci ma da lamba kawai. Abin da ba zai samu ba shi ne shekara. Shatan da ke cikin ganiyar ƙarfinsa da Shatan da ya haura saba'in suna jere wuri guda, wannan na sauka wancan na tashi, kamar a dare ɗaya aka ɗauke su. Kunne kuwa ba ya ruɗuwa. Ko yaron da bai riski Shata da rai ba zai ce maka wannan muryar ta fi waccan nauyi.

Daga wannan bambanci da kunne ke ji takardar nan ta samo tushe. An haifi Shata a Musawa a 1923. Bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa Ibrahim Yaro ma bai so ya shiga harkar ba. Ya yi tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi, ya zauna Bakori, daga baya Funtuwa ta zame masa gida. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan doguwar jinya, aka yi masa sutura a Daura. Mutumin da ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa ba zai yiwu a ce murya ɗaya ya yi ta da ita ba.

Masana sun yi wa Shata hidima mai yawa. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975, lokacin Shata yana da shekara 52, da sauran shekara 24 na waƙa a gabansa. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ya fito a 2006 da tarihin rayuwarsa, Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya ɗauki nauyin tattara waƙoƙin da labarin waɗanda aka yi wa su. Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu ma'aunin nazarin waƙar baka da muke aiki da shi a jami'o'inmu: turke da warwararsa, zubi da tsari, salo, rauji. Sai dai mafi yawan nazarinmu a kan takarda yake ƙarewa. Mukan juyi waƙa daga kaset zuwa rubutu, mu feɗe ta, mu manta da maƙogwaron da ta fito. A takarda, saɗarar da Shata ya rera yana ɗan arba'in da wadda ya rera yana ɗan saba'in kamanninsu ɗaya.

Na ɗauki 1987 a matsayin mafarin zangon ƙarshe saboda ranar 23 ga Satumba ta wannan shekara aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, Shata yana da shekara 64. Shekarar da ta biyo, 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Waɗannan abubuwa biyu sun bar alama a bakin maroƙa da cikin waƙoƙin kansu, kuma za mu ga amfanin wannan alama a gaba.

2.0 Kundin tsufa a kiɗan karkarar Amurka

Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Amsar ita ce kiɗan kantiri ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Arewa. Waɗanda suka taso da filayen zaɓen waƙoƙi na rediyo sun san Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton da Kenny Rogers. Waƙa ce ta manomi da direban babbar mota da ɗan gidan yari, ta mashayi da mai tuba, ta mutumin da ya bar ƙauye yana begen gida. Wanda ya san fagen da Shata ya ratsa, daga direbobi da 'yan kasuwa zuwa waƙar shan ruwa da yabon Annabi, zai ga inda hanyoyin suka gamu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Johnny Cash. An haife shi a 1932. Kamfanin Columbia, wanda ya yi kusan shekara talatin yana buga masa faya-fayai, ya sallame shi a 1986, gidajen rediyon kantiri suka juya ga samari. Sai wani mai shirya kiɗa, Rick Rubin, wanda aka sani da harkar kiɗan matasan birni, ya neme shi. Abin da suka yi kaɗan ne a ido: Cash ya zauna da jitarsa shi kaɗai, mafi yawa a falon gidan Rubin, yana rera abin da ransa ya so, na'ura tana ɗauka. Kundin da ya fito a 1994 mai suna American Recordings ya ci kyautar Grammy, ya kuma buɗe jerin kundaye da suka ci gaba har bayan mutuwar Cash a Satumbar 2003.

Abin da ya sa na kawo shi ba nasarar kasuwa ba ce. Niyyar aikin nake so mu duba. An rage kayan kiɗa don murya ta fito, kuma ba a ɓoye rawar da ta fara yi ba. A kundin 2002, na huɗu a jerin, ana jin numfashinsa yana yankewa kafin saɗara ta kai ƙarshe, aka bar shi haka. A cikin wannan kundi ya sake rera wata tsohuwar waƙarsa, Give My Love to Rose, wadda ya fara ɗauka a 1957 yana ɗan shekara 25. Labarin waƙar na wani matafiyi ne da ya tsinci tsohon fursuna yana gargarar mutuwa a gefen layin dogo, yana ba shi sallahu zuwa ga iyalinsa. A ɗaukar 1957 mai sauraro yana jin muryar matafiyin da ya tsinci mutumin. A ta 2002, kalmomin ba su sauya ba, amma wanda ake ji shi ne na kwance. Shekaru 45 ne suka yi wannan aiki, kuma da ba a ɗauki ta biyun da gangan ba, da ba mu da abin kwatantawa.

Afirka ma ta ga irin wannan. Ali Farka Toure na Mali ya kammala kundinsa Savane yana fama da ciwon ajali, ya rasu a Maris 2006, kundin ya fito bayan 'yan watanni. A Legas, Fatai Rolling Dollar ya dawo situdiyo bayan ya haura saba'in, bayan shekaru da dama da aka manta da shi. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wani mutum da ya yanke shawarar cewa muryar dattijo abar adanawa ce a kan kanta, ya sa kuɗi da lokaci.

3.0 Abin da ya hana Shata samun nasa

Shata ya shiga harkar faifai, kamfanin EMI ya buga masa faya-fayan garmaho da suka shiga gidaje da kantuna a faɗin Arewa da maƙwabta. Amma a dubi lissafin shekaru. Cash yana da shekara 62 lokacin da kundin 1994 ya fito. Shata ya cika 62 a 1985, daidai lokacin da kasuwar faifai ta Nijeriya ke durƙushewa. Kaset ya riga ya mamaye ƙasa, duk mai rikoda mai baki biyu ya zama kamfanin kansa, yana kwafa yana sayarwa ba tare da ko sisi ya koma ga mawaƙi ko ga wanda ya biya kuɗin ɗauka ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, shigo da kayan buga faifai ya yi tsada. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo ne bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Manyan kamfanonin waje suka tattara nasu ya nasu: EMI ya koma Ivory, Polygram ya koma Premier, a hannun 'yan ƙasa, kuma hankalinsu yana kan kasuwar Kudu.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, domin yana cikin tsarin sana'ar kanta. Makaɗin Hausa ba da faifai yake ci ba. Abincinsa yana fage: biki, suna, naɗin sarauta, wasan sallah, taron siyasa, da kyautar ubangida ta riga ko doki ko mota ko kujerar Makka. Faifai da kaset talla ne kawai, su ke kai sunansa garin da ƙafarsa ba ta taka ba, don a gayyace shi. Cash ya koma situdiyo ne domin ƙofofi sun rufe masa. Shata bai taɓa faɗuwa ba balle a yi maganar tashinsa. Har ƙarfinsa ya fara ja baya ana neman sa, kuma a Jamhuriya ta Uku siyasa ta ci wani kaso na lokacinsa, har ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa. Wanda ake layi a ƙofar gidansa ba shi da dalilin zuwa ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki yana maimaita waƙa ɗaya.

Da situdiyoyi suka yawaita a Kano a ƙarshen shekarun 1990, don waƙoƙin fim aka gina su. Ɗaki ne ƙarami, da fiyano da kwamfuta da makirufo ɗaya ko biyu. Ba a yi shi don ayarin masu kalangu da 'yan amshi ba, kuma masu shi samari ne da ke neman sabon sauti. Kayan aikin sun iso Arewa a shekarun da Shata ke jinya.

4.0 Fage da ɗaki

Kafin mu ce an yi asara, ya kamata mu tambayi abin da ɗakin ɗaukar sauti ke yi wa waƙar baka. Akwai masu ganin cewa Shata na situdiyo rabin Shata ne, kuma suna da hujja. Waƙarsa a fage ba ta da iyakar tsawo. Gindin waƙa yana nan, amma ɗiyanta suna ƙaruwa gwargwadon waɗanda suka shigo fili. Wani ya taso ya yi liƙi, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da na ubansa da garinsu, nan take Shata ya saƙa shi cikin waƙa. An san shi da ƙirƙira a tsaye, ba tare da zaman shiri ba. Jama'ar da ke fage suna cikin masu yin waƙar. A ɗaki kuwa babu mai shigowa.

Sannan akwai agogo. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti yana ɗaukar kusan minti uku ne a kowace fuska. Babban faifai mai juyi 33 ya kai wajen minti ashirin. Kaset mai lamba 60 yana ba da minti talatin a fuska, mai lamba 90 minti arba'in da biyar. Shirin rediyo ko na talabijin shi ma da tasa ƙa'idar. Kowace na'ura ta yanka wa waƙar Hausa riga daidai jikinta, kuma tsawon da muke ɗauka na waƙa ne sau da yawa tsawon faifai ne.

To amma wannan takura tana da wata fa'ida da ban ga an ba ta haƙƙinta ba. Idan aka ce wa mawaƙi minti goma gare ka, kuma babu mai liƙin da za ka saka wa, abin da zai rera shi ne abin da shi kansa ya ɗauka shi ne waƙar. Ɗiyan da ya zaɓa ya riƙe, da waɗanda ya zubar, hukuncinsa ne a kan aikinsa. Shata bai bar mana rubutaccen diwani ba. Ɗaukar ɗaki ita ce mafi kusa da tacewar da ya yi da kansa. Idan muka jera ɗaukar fage da ta ɗaki na waƙa guda, abin da ya tsira a duka biyun shi ne ƙashin bayanta.

Makirufo ma yana da nasa tasiri. A fage murya kokawa take da kalangai da lasifika da hayaniyar jama'a, dole mawaƙi ya ɗaga ta. A ɗaki makirufo yana dab da baki, yana kama numfashi da saukar murya da ɗan jinkirin da ke tsakanin kalma da kalma. Matashi mai ƙarfin huhu bai cika buƙatar wannan ba. Dattijo shi ne wanda ɗaki ke yi wa adalci.

Kuma Shata ya shiga irin wannan ɗaki sau da yawa, ko da ba na kamfanin faifai ba. Situdiyon makaɗan Hausa na haƙiƙa shi ne na gidajen watsa labarai. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, aka kafa NTA a 1977, Jihar Katsina kuma ta sami nata rediyo da talabijin bayan ƙirƙirarta. Hotunan bidiyon Shata da ke yawo a YouTube da wayoyin mutane, inda ake ganin sa da ayarinsa a gaban kyamara ba tare da taron biki ba, irin wannan ɗauka ce. A nan ne kundin da nake magana a kai yake kwance.

5.0 Abin da kunne ke ji a muryar ƙarshe

Abin da zan faɗa a nan sakamakon saurare ne, kuma ina gabatar da shi don a gwada shi da ma'auni. A ɗaukar da alamunta suka nuna ta zangon ƙarshe ce, muryar ta sauka ƙasa, ta yi kauri, ta sami ɗan kaushi a gefe. Saɗaru sun gajarta. Inda a da yakan jero saɗara uku ko huɗu a numfashi guda kafin ya saki 'yan amshi, yanzu yakan ajiye ɗaya ko biyu ya bar gindi ya dawo. Amshi ya ƙara ɗaukar kaya, kalangai suna samun fili mai faɗi tsakanin ɗa da ɗa. Rerawar tana matsowa kusa da magana, kamar dattijo yana ba da labari a zaure amma bisa rauji.

Mai gaggawa zai kira wannan raguwa. Ni ina ganin sabon tsari ne da ƙarancin numfashi ya haifar, kuma gwani ne kaɗai ke iya mayar da rashi ya zama salo. Idan saɗara ta gajarta, kowace kalma nauyinta ƙaruwa yake. Shirun da ke biyo bayan sunan mutum yana ba sunan girma. Wanda ke da numfashi mai yawa yakan yi ɓarnarsa; wanda ya san abin da ya rage masa yakan auna inda zai kashe shi.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar a Bakandamiya. Waƙa ce ta kirarin kai, inda Shata ke auna kansa da sauran mawaƙa, kuma ya rera ta a lokuta daban-daban, ɗiyanta suna sauyawa daga ɗauka zuwa ɗauka. Ita ce takwarar waccan waƙa ta Cash da na ambata, har ma ta fi ta dacewa da nazari, domin ba sau biyu kawai aka ɗauke ta ba. Kirari a bakin mai ƙarfi ƙalubale ne, yana neman abokin karawa. Kirarin nan dai a bakin mutumin da ya haura sittin da biyar, wanda ya ga tafiyar Sardauna a 1966, ya ga ta Sarkin Katsina Usman Nagogo a 1981, ya ga ta Musa Ɗanƙwairo a 1991, ya tashi daga ƙalubale ya koma shaida. Ba ya cewa ku zo mu gwada, yana faɗin abin da ya riga ya auku ne a gaban waɗanda suka gani. Turken waƙar a takarda bai motsa ba. Ma'anarta a kunne ta motsa, kuma ma'aunin nazarinmu na yanzu ba shi da gurbin da zai rubuta wannan motsi. Ina ba da shawarar mu ƙara shekarun mawaƙi da halin muryarsa cikin abubuwan da ake bayyanawa tun a share fagen nazarin kowace waƙar baka, kamar yadda muke bayyana wanda aka yi wa ita da dalilin yin ta.

Akwai wata suka da na ɗauka da muhimmanci, domin daga tarbiyyarmu ta fito. Bahaushe yana suturta dattijo. Ba ma son a ga rauninsa a bainar jama'a, kuma akwai masoyan Shata da za su ji ciwo idan aka ware ɗaukar da muryarsa ta yi rauni aka ce ga kundi. Ina tare da su a kan iyaka guda: tsufa daban, jinya daban. Ɗaukar da aka yi wa mutum yana cikin ciwo, ba da shirinsa ba, hurumin iyalinsa ce, su ke da ikon cewa a fitar ko a adana. Amma wadda ya tsaya da ƙafarsa ya yi, ya sa babbar rigarsa, ya kira makaɗansa, ya fuskanci kyamara da saninsa, aikinsa ce. Ɓoye ta shi ne rashin girmamawa, domin yana nufin mun karɓi ƙuruciyarsa mun mayar masa da tsufansa.

6.0 Gane shekarar ɗauka da haɗa kundin

Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan iya cewa wannan ɗauka ta shekara kaza ce. Kaset ɗin kasuwa ba ya faɗa, fayil ɗin waya balle. Amma waƙar Shata cike take da shaidun lokaci, saboda mawaƙi ne mai kiran abu da sunansa.

Sarauta ita ce shaida ta farko. Alhaji Muhammadu Bashar ya hau gadon Daura a 1966, kafin nan Wamban Daura ne, don haka laƙabin da aka kira shi da shi yana raba zamani biyu. Muhammadu Kabir Usman ya zama Sarkin Katsina a 1981. Haka za a bi kowane hakimi da ɗan kasuwa da aka ambata: yaushe aka naɗa shi, yaushe ya je Makka ya zama Alhaji, kuma ana yi masa fatan tsawon rai ne ko addu'ar rahama. Kuɗi shaida ne: fam da sule sun ba naira da kwabo wuri ranar 1 ga Janairu 1973, kuma girman adadin da maroƙi ke shelar an bayar yana hawa tare da faɗuwar naira bayan 1986. Sunan jiha shaida ne: Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967, Jihar Kaduna daga 1976, Jihar Katsina daga 1987. Abin da ya faru a duniya shaida ne, kamar waƙarsa ta kumbon Apollo 11 da ba za ta riga 1969 ba. Wadda ta fi amfani ga zangonmu ita ce kalmar Dokta. Duk ɗaukar da maroƙi ko mai gabatar da shiri ya kira shi da ita, daga 1988 ne zuwa sama. Sai dai a kiyaye, waɗannan shaidu suna ba da iyakar ƙasa ne kawai. Tsohon ɗa yana iya dawowa cikin sabuwar ɗauka da tsohon laƙabinsa, don haka shaidar da ta fi kowace sabunta ita ake kamawa.

Akwai tarko a ɓangaren na'ura da ya kamata duk mai auna murya ya sani. Kaset ɗin da aka kwafa daga kaset, a rikodar da batirinta ya yi sanyi ko robarta ta saki, gudunsa yana sauyawa. Idan ya yi sauri murya takan sirance, dattijo ya koma saurayi. Idan ya yi nawa takan yi kauri, saurayi ya tsufa. A kiɗan da ke da jita ko fiyano akan gyara wannan ta hanyar daidaita sautin kayan kiɗan da ma'aunin da aka sani. Kalangu ba ya ba da wannan dama, domin sautinsa a hammatar makaɗi yake, yana hawa yana sauka gwargwadon matsar igiyoyin fata. Mafita ɗaya ita ce gurnanin wutar lantarki da ke shiga ɗaukar da aka yi da na'ura mai jone da wuta. Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan guda. Idan kwamfuta ta nuna gurnanin yana kan 52 ko 48, an san yadda zaren ya kauce, a mayar da shi. Wannan wani dalili ne na fifita ɗaukar ɗaki, da kuma neman zaren asali maimakon kwafin kwafi.

Zaren asalin kuwa ba ya jira. Zafi da raɓar damina da ƙurar hunturu suna cin sa, na'urorin da ke karanta manyan zarurrukan rediyo da kaset ɗin bidiyo na da suna ƙarewa, kuma gidajen watsa labarai a ko'ina a duniya sun sha goge tsohon shiri su ɗauki sabo a kansa saboda tsadar zare. Aikin kwashe abin da ya rage zuwa kwamfuta ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya dace da haɗin gwiwar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da hukumar tarihi da al'adu ta jiha da gidajen rediyo da talabijin na Katsina da Kaduna da Kano, tare da Gidan Arewa a Kaduna. Iyalin Shata su ne farkon waɗanda za a zauna da su. A dokar Nijeriya haƙƙin waƙa yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato na Shata yana nan har ƙarshen 2069, haƙƙin ɗaukar sauti kuma shekara 50 ne. Mutumin da masu kwafin kaset suka ci guminsa yana raye bai kamata jami'a ta maimaita wa magadansa haka ba.

Shaidar da ta fi zare saurin tafiya ita ce ta mutane. Shekara fiye da ashirin da biyar ke nan da rasuwar Shata. Waɗanda suka rage daga makaɗansa da 'yan amshinsa da maroƙansa, da ma'aikatan da suka riƙe makirufo da kyamara a ranakun ɗauka, su kansu sun manyanta. An yi hira da wasunsu a kan tarihi: wa aka yi wa waƙa kaza, me ya bayar, a wane gari. Tambayoyin da nake so ɗalibanmu su je da su Funtuwa da Musawa da Daura da Kano na aiki ne. Idan maigida ya gaji a tsakiyar waƙa, wa ke ba da alamar a tsawaita kiɗa, kuma da ido ake bayarwa ko da hannu? 'Yan amshi sun sauke muryarsu don ta dace da tasa a shekarun ƙarshe, ko sun bar ta inda take? Akwai waƙar da ya daina yi saboda numfashinta ya yi masa tsawo? Kuma in an gama ɗauka a ɗaki aka mayar masa ya saurara, wace ce ya ce a sake?